Jin Sauƙi Ba Dalilin Ajiye Maganin Tsinka Jini Ba Ne

Ko wace shekara idan ruwan farko ya sauka a Arewa, ko kuwa Babbar Salla ta ƙarato, sai tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Ikko, da Sabo da Sasa a Badun, da na Anaca da Fatakwal su cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar gida. An ɗaure buhun goro, an toshe bakin jarkar manja, an lissafa turamen atamfa ɗaya bayan ɗaya don kada wata gwaggo ta ce an manta da ita. A cikin wannan taro ba a rasa dattijo ko magidanci wanda likita ya taɓa gaya masa cewa bugun zuciyarsa ya rikice, ya kuma ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya wadda ake kira maganin tsinka jini. Sau da yawa wannan ƙwaya ita kaɗai ce ba ta shiga lissafin kaya. Abin da ya rage a kwalba na mako biyu ne, zaman kuwa na wata huɗu ne, sai an yi girbi. In ɗansa ya ce, "Baba, maganin fa?" amsar ba ta wuce, "Ai na ji sauƙi, in na dawo na ci gaba."

Wannan amsa ita ce abin dubawa a nan, gama kuskure ce, kuma irin kuskuren da ba ya ba mutum zarafin gyara shi. Maganin tsinka jini ba don abin da mutum yake ji a jikinsa aka ba shi ba. An ba shi ne don abin da bai riga ya same shi ba, watau shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka jin sauƙi ko rashinsa ba ya nuna kome game da ko maganin ya gama aikinsa.

Kafin a gane haka sai an san abin da ke faruwa a cikin ƙirji. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A lafiyayyen mutum baligi da ke zaune yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bugu mai tsari kamar na mata biyu masu daka a turmi guda, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. A irin cutar da ake magana a kai, ɗakunan sama sukan daina matsawa sosai, sai su riƙa karkarwa kawai, na ƙasa kuma su riƙa bugawa barkatai, wani bugun ya zo da wuri, wani ya makara. Jinin da ya kamata a tura gaba sai ya kwanta a wani ɗan lungu mai kama da aljihu a ɗakin sama na hagu. Jini kuwa in ya kwanta daskarewa yake yi. Ran da gudan ya ɓalle, jijiya za ta ɗauke shi, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwa yake nufa, ya toshe hanyar jini a can. Nan take sai a ga baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, magana ta sarƙe. A gida a ce iska ta buge shi, ko a ce jifa ne daga wani abokin gaba na kasuwa, alhali kuwa abin daga cikin zuciyarsa ya taso.

Masu binciken lafiyar zuciya a garin Framingham na Amurka, waɗanda suka fara bin diddigin mutanen garin tun 1948, sun bayyana a 1991 cewa mai wannan rikicewar bugu ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar. A 2007 kuma aka tattara sakamakon gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutane fiye da 28,000, aka ga cewa maganin warfarin yana rage wannan haɗari da kashi 64 cikin 100, watau kusan biyu bisa uku. Asfirin da danginsa, waɗanda wasu ke sha su ce ai duk ɗaya ne, kashi 22 kawai suka rage, shi ya sa likitocin zuciya a yau ba sa ɗaukar asfirin a matsayin madadi. Ba kowa ne mai rikicewar bugu ake ɗora wa maganin ba. Likita yakan duba shekaru, musamman in an kai 65, balle 75, ya duba hauhawar jini, da ciwon sukari, da raunin zuciya, da ko mutum ya taɓa shanyewa. Wanda aka auna duk wannan aka ce ya sha, to galibi shan har iyakar rayuwa ne. Ko da bugun ya koma daidai na 'yan watanni, cutar takan tafi ta dawo, wani lokaci cikin barci, mutum bai sani ba.

Sunan da aka laƙaba wa maganin ma ya taimaka wajen ɓata shi. Bahaushe yana jin an ce tsinka jini, sai ya tuna da koko da aka zuba wa ruwa, ya ɗauka jininsa zai salance, ƙarfinsa ya tafi, ya kasa ɗaga buhu. Ba haka abin yake ba. Maganin ba ya rage yawan jini, ba ya mai da shi ruwa. Iyakar aikinsa shi ne ya jinkirta daskarewa, yadda gudan jini ba zai samu sukunin haɗuwa a wancan lungu ba.

Akwai kuma wata magana da ke yawo a majalisu, wai warfarin maganin ɓera ne. Masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin labari suka ji, kuma cikakkensa ya kamata ya ba fataken shanu na Agege da Lokpanta sha'awa. A shekarun 1920 manoma a arewacin Amurka da Kanada suka ga shanunsu suna mutuwa da zubar jini bayan an yi musu fiɗiya ko an yanke ƙaho. Aka gano cewa wata ciyawa ce da suke ajiyewa kamar yadda ake ajiye harawa, in ta yi funfuna, take hana jinin dabba daskarewa. A 1933 wani manomi ya kai wa Karl Paul Link, malamin kimiyya a Jami'ar Wisconsin, mushen saniya da gwangwani cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Daga nan aka ware sinadarin, aka ƙera warfarin, aka fara sayar da shi don kashe ɓeraye a 1948. A 1954 aka yarda a ba mutane shi a kan ƙa'ida, a 1955 kuma aka ba Shugaban Amurka Eisenhower bayan ya yi ciwon zuciya. Shekara saba'in ke nan ana amfani da shi a duniya. Abin da ya raba guba da magani a nan shi ne awo, kuma daga wannan ne rabin maganar na biyu ya taso: kamar yadda dainawa take da haɗari, haka ƙari ko gauraye.

Mai shan warfarin dole ne a riƙa auna jininsa, awon da ake rubuta wa INR a takardar asibiti. Ga yawancin masu rikicewar bugu, ana son lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. In ta sauka ƙasa da 2, kariya ta ragu. In ta haura sosai, sai jini ya fara tsiyaya inda ba a so, a dasashi, a hanci, a ciki, ko a cikin kai. Da farko akan yi awon a kai a kai, in lambar ta zauna sai a koma kamar wata-wata. Abubuwan da ke girgiza wannan lamba kuwa duk suna nan a cikin rayuwar ɗan ci-rani ta yau da kullum.

Na farkonsu shi ne kemis na bakin titi da mai tallan magani a faranti. Mai dako ko mai tura baro da ya wuni yana aiki a kasuwa yakan tsaya da yamma ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A cikin haɗin ba a rasa ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam, wani kuma ya kaɗa garin Alabukun a ruwa, wanda asfirin ne a ciki da sinadarin kafin. Duk waɗannan suna cin bangon ciki, in suka haɗu da maganin tsinka jini, ko wane iri ne, sai haɗarin zubar jini ya ƙaru ƙwarai. Farasitamol a kan ƙa'ida shi ne wanda likitoci suka fi yarda da shi ga irin wannan mutum. Haka nan Flagyl da Septrin, waɗanda ake sha kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa, suna ƙara wa warfarin ƙarfi har lambar ta yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Rifampicin kuwa, da ke cikin magungunan tarin fuka, akasin haka yake yi, yana raunana maganin har ya zama kamar ba a sha ba. Game da jiƙe-jiƙe da tsimi da agbo na Yarabawa, babu mai iya faɗin abin da ke cikin kwalbar da yawan da aka zuba, ko mai sayarwar kansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙaurace musu.

Sai kuma wanzami. Ba a raina sana'arsa ba, amma ƙaho da tsaga da cire beli ba na mai shan wannan magani ba ne, domin jinin da a da yakan tsaya cikin minti kaɗan yanzu zai daɗe yana zuba. Ko haƙori za a cire, sai an gaya wa mai cirewa, kuma ba mutum ne zai tsai da maganin da kansa ba, likita ne zai faɗi ko za a tsayar da kuma na kwana nawa. Ɗan acaɓa da ya faɗi ya bugi kai, ko da bai ga jini ba, ko da ya tashi ya karkaɗe rigarsa, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, saboda jini na iya tsiyaya a cikin ƙoƙon kai a hankali, sai bayan kwana biyu ko fiye a ga mutum ya fara ruɗewa.

Maganar abinci an cika zuzuta ta har ta zama abin tsoro. Gaskiya ne ganye irin su alayyafo da kabeji suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Amma ba a ce a daina cin ganye ba. Abin da ake so shi ne kada a yi ta sauyi mai yawa, a yi wata guda ba a ga ganye ba, sa'an nan a je gida da damina a dinga kwaɗon zogale da rama safe da yamma. Wanda cimarsa za ta canja haka, awo yake bukata, ba haramta wa kansa miya ba.

Akwai wani tarko ƙarami da ya kamata a sani. Mutane da yawa da kala suke gane maganinsu, ba da lamba ba. To, a tsarin Ingila ƙwayar warfarin mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a tsarin Amurka kuwa mai ruwan hoda miligiram 1 ce. Wanda ya saba da wata a Ikko ya je Kano ko Sakkwato ya ce a ba shi "mai ruwan hodar nan" yana iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa, ko kashi ɗaya bisa biyar. Lambar da ke jikin kwali ita ce abin karantawa, tare da lambar rajistar NAFDAC, in kuwa mutum bai iya boko ba ya sa ɗansa ya karanta masa kowane saye.

Daga 2010 zuwa 2015 an fito da sababbin magunguna huɗu, dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irinsu cikin jerin magungunan da take ganin wajibi ne ƙasashe su tanada. Ba sa bukatar awon INR, ganye bai dame su ba, zubar jini a cikin kai kuma ya ragu da kusan rabi in an gwada da warfarin. Ga mai yawan tafiya wannan sauƙi ne babba. Amma suna da nasu sharaɗin. Warfarin yakan ɗauki kwana huɗu ko biyar kafin ya fita daga jiki, waɗannan kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu sun fice, mutum ya koma kamar bai taɓa sha ba. Wanda ke shan apixaban sau ɗaya maimakon sau biyu don kwalin ya kai ƙarshen wata, rabin yini yake yi ba kariya. Rivaroxaban kuma sai da abinci yake shiga jiki yadda ya kamata. Ga tsada, wadda ta ƙaru tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Kuma ba kowa ne sababbin suka dace da shi ba. A wannan nahiya, ban da tsofaffi masu hauhawar jini, akwai matasa da yawa, musamman mata, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun suna yara ya lalata musu ƙofofin zuciya, daga baya bugun ya rikice. A 2022 aka buga sakamakon wani gwaji mai suna INVICTUS, wanda aka yi a kan irin waɗannan marasa lafiya kimanin 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da kudancin nahiyar Amurka. Waɗanda aka bari a kan warfarin da danginsa sun fi waɗanda aka ba rivaroxaban tsira da rai. Haka nan wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, warfarin ne nasa, ba canji. Saboda haka ɗan'uwa mai kuɗi da ya aiko da sabon magani daga waje da kyakkyawar niyya, a gode masa, amma a kai wa likita kwalin tukuna. Mace mai shan warfarin kuma da ke son haihuwa, ko ta ga batan wata, ta hanzarta zuwa asibiti, domin maganin yana iya yi wa ɗan tayi lahani, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, akwai kuma allurar da ake musanya shi da ita.

Za a ce duk wannan magana ce ta mai hali, talaka ina ya ga kuɗin awo wata-wata, ga kuɗin mota, ga yini guda da zai rasa a layin asibiti. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa marar lafiya laifin duka. Wani bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015, a kan mutane 3,343 masu lalatattun ƙofofin zuciya a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya nuna cewa cikin masu shan maganin da aka auna, kashi 28 cikin 100 ne kawai lambarsu take inda ake so. Rabin waɗannan marasa lafiya ba su wuce shekara 28 ba. Irin wannan sakamako ba na taurin kan mutum ɗaya ba ne, na ƙarancin wuraren awo ne da nisan su da jama'a.

Ga ɗan Arewa a Kurmi akwai ƙarin matsalar harshe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, amma kusancin gini bai sa bayanin likita ya shiga kunne ba. Ana yi wa dattijo bayani da Turanci ko Yarabanci cikin minti biyar, kunya ta hana shi cewa bai fahimta ba, ya gyaɗa kai ya fito. Da yawa daga masu daina magani ba su taɓa jin an ce musu na har abada ne ba, sun ɗauka irin na zazzaɓi ne, in kwali ya ƙare an gama. A nan ne sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Ama Hausa ta Owerri, da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tumatir da mahauta da direbobi, suke da aikin yi. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin mota cikin awa guda don kai shanyayyen ɗan'uwa gida ba za ta gaza tanadar saurayi ɗaya mai jin Turanci da zai riƙa raka dattawa asibiti ba, ko ta shigar da 'ya'yanta inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar nan. Kuɗin awon shekara guda bai kama ƙafar abin da iyali ke kashewa a wata guda na jinyar shanyayye ba, balle a yi maganar rumfar da za a rufe da yaran da za a cire daga makaranta.

Shirin tafiya gida kuwa daga asibiti ya kamata ya fara, mako biyu kafin ranar tashi. A gaya wa likita tsawon zaman, a yi awo, a sayi maganin da zai kai har dawowa da ɗan ƙari, a sa shi cikin aljihu ko jakar hannu, ba cikin kayan da za a ɗaure a saman mota rana ta gasa ba. A karɓi takarda mai ɗauke da sunan cutar, da sunan maganin, da yawan da ake sha, da lambobin awon baya, yadda likitan Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, zai ɗora daga inda na Kudu ya tsaya. Wanda ya manta bai sha warfarin a kan lokaci ba, in ya tuna a ranar ya sha, in sai washegari ya tuna ya bar na jiya, kada ya haɗa biyu. Mai niyyar azumin Ramadan shi ma ya nemi likita tun a Sha'aban, a tsara masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma ƙara awo a cikin watan, tun da cima da lokacin barci duk sun canja.

Iyalan gida su ma a sanar da su alamun da ba a kwana da su. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta, fitsari ja, aman jini, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan an matse hanci minti goma sha biyar, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, duk na zubar jini ne. Karkacewar baki, sakin hannu, ko sarƙewar magana kuwa na shanyewa ne, kuma a wannan hali kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wata ƙwaya, gama maƙogwaronsa ma yana iya kasa haɗiya. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a ɗauki kwalin maganin da takardar, a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, domin da hoton ne kaɗai ake bambance toshewar jijiya da fashewarta, kuma maganin wannan kishiyar na waccan ne.